Mene Ne Fitar da Iyaka a Manhajar Zane?

A labaran rabon filaye da kwangilar gine-gine, ana yawan ambaton taswirar da aka zana da kwamfuta. Wani muhimmin mataki a irin wannan zane shi ne fitar da iyaka, wato zagaye wuri da layi guda rufaffe domin manhaja ta ɗauke shi a matsayin abu ɗaya.

A AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982, umarnin BOUNDARY ne ke wannan aiki. Mai zane zai danna tsakiyar wurin, sai manhajar ta bi layukan da suka kewaye shi ta haɗe su. Idan akwai ginshiƙi ko rami a ciki, takan zagaye shi daban.

Giɓi ne babbar matsala. Idan layi biyu ba su haɗu ba, ko da ido bai ga tazarar ba, iyaka ba za ta fito ba sai an toshe.

Da iyakar ce mai safiyo ke lissafa girman fuloti, injiniya kuma ya ƙiyasta tayil ɗin da ɗaki zai ci. Injin yankan ƙarfe ma layin yake bi wajen yanka.