Jirgin Ƙasa a Kan Tebur

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani abin sha'awa da in mutuminmu ya ji labarinsa da fari sai ya yi dariya. Watau magidanci ne, wani ma har da furfura, zai keɓe ɗaki guda a gidansa, ya kafa babban tebur, ya shimfiɗa ɗan siririn dogo a kai, ya gina tasha da gada da gidaje, sa'an nan ya riƙa korar 'yan jiragen ƙasa waɗanda kansu bai fi tsawon tafin hannu ba. Ni dai a ganina abin ya wuce wasan yara, ya kuwa kamata mu masu koyon aikin malanta mu san yadda yake, gama akwai lissafi, da labarin ƙasa, da tarihi, da aikin hannu, duk a dunƙule wuri ɗaya.

Abin ya daɗe. A shekarar 1891 wani kamfanin Jamus mai suna Märklin ya fara nuna gutattsarin dogo masu faɗi ɗaya, waɗanda za a iya harhaɗawa a ƙara musu tsawo. A Ingila kuma Frank Hornby na birnin Libaful ya fito da nasa a 1920, irin wanda ake wanawa kamar agogo. Na yanzu da lantarki suke tafiya. Wutar ba ta fi bolt 12 ko sama kaɗan ba, ba ta cutar yaro. Tana bin ƙarfen dogo ɗaya, ta hau ta ƙafafu ta shiga ɗan injin da ke cikin kan jirgi, ta komo ta ɗaya ƙarfen. In an ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, in an juya ta ya koma da baya.

To, amma ba lantarki ne gindin maganar ba. Gindinta ma'auni. Ma'auni kuwa shi ne a yanke shawara tun farko sau nawa za a rage girman kowane abu, sa'an nan kada a saɓa ko da a kan akuya ɗaya. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Mutum mai tsawon ƙafa shida ya zama milimita 21. Ƙofar ɗaki mai tsawon mita biyu ta zama milimita 23. Akwai kuma ƙarami, N, wanda ake ragewa sau 160, don masu ƙarancin wuri. Ingilishi sun fi son nasu, OO, sau 76. Dalili kuwa jiragensu na gaske ƙanana ne, injinan lantarki na wancan zamani suka ƙi shiga ciki, sai suka ɗan kumbura jikin jirgin suka bar dogo yadda yake. Har yau dogon OO ya fi yadda ya kamata matsewa, masu tsananin bin ƙa'ida a cikinsu suna ta gunaguni a kai.

Ku duba irin lissafin da ɗan aji shida zai samu a nan. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne. Raba shi da 87, ka sami ƙafa 60 da 'yan kai. Daga Ikko zuwa Kano ta tsohon dogo wajen mil 700 ne, ashe wanda ya ce zai gina shi duka a ma'aunin HO sai ya nemi tebur mai tsawon mil takwas! Saboda haka ba mai gina hanya duka. Tasha ɗaya ake zaɓa da ɗan abin da ke kewaye da ita, sauran duniya kuwa a bar jirgi ya shige bayan tudu ya ɓace. Gudu ma haka. Jirgin da ke yin mil 30 a sa'a, a kan tebur inci shida kaɗai zai ci a daƙiƙa. Wanda ya sake masa wuta yana zagaya tebur kamar ɓera ya ga kyanwa, ya ɓata ma'auni ke nan.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Dogon HO da ake sayarwa faɗinsa milimita 16.5 ne, gama an auna shi ne daga dogon Turai mai milimita 1,435. Sababbin hanyoyinmu, ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da ta Ikko zuwa Ibadan ta 2021, wannan faɗin gare su, ba wahala. Amma tsohon dogonmu, wanda ya kai Ibadan a 1901 ya kai Kano a 1911, ƙafa uku da inci shida ne, watau milimita 1,067. In ka raba da 87 sai ka sami 12 da ɗan kai. Mai son kwaikwayon tsohon jirginmu yana da hanya biyu: ko ya nemi dogo mai milimita 12, ko ya riƙe na 16.5 ɗin ya gina jiragensa da gidajensa a ma'aunin sau 64, yadda wasu mutanen Ostareliya da Niyu Zilan ke yi, don su ma suna da irin dogonmu. Ɗan ƙaramin jirgin nan da ya riƙa hawa daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, har aka rufe hanyarsa a 1957, nasa dogon ƙafa biyu da rabi ne. A ma'aunin HO ya kusa milimita 9, daidai da dogon N.

Sai maganar taragu. Sabon shiga yakan sayi duk wanda ya ga ya yi kyau ya jona, kan jirgin Amurka na jan taragon fasinjan Jamus. Gwanaye ba su haka. Kowane tarago sai an tambaya: me ya ɗauko, daga ina, za shi ina? A tsohon dogonmu amsar a fili take. A da wagunun shanu masu tagogin shan iska suna gangarowa daga Nguru da Kano, rufaffu na ɗauke da buhunan gyaɗa da dilolin auduga da fatu zuwa bakin teku, buɗaɗɗu na kwaso kwal daga Inugu, huhunan goro da gishiri da kananzir kuma suna hawa arewa. A ƙarshen jirgin kaya ga taragon gadi. Kan jirgi mai tururi kuwa da ƙafafunsa ake gane shi. In an ce 2-8-2, ana nufin ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja a tsakiya, biyu a baya. Irin wannan ne rukunin nan da reluwen Nijeriya ta raɗa wa sunayen koguna.

Amma fa duk kyan jirgi, in ba gari, abin kamar kasuwa ce ba mutane. A nan ne nake ganin aikin ya fi daraja, kuma a nan zan kawo labarin Roye England. Mutumin Ostareliya ne, ya je Ingila a shekarun 1920, ya zauna a wani kwari mai ƙauyuka a kudancin ƙasar. Ya ga ana ta yaye rufin ciyawa na tsofaffin gidaje ana sa na zamani, abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya shiga bin gidajen yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango. A 1931 ya fara gina su da kwali a ma'aunin sau 76. Wannan aiki shi ya zama gidan tarihin Pendon, wanda aka kafa a 1954 a ƙauyen Long Wittenham kusa da Okasfod. Can za ka ga karkarar Ingila yadda take a shekarun 1920 da 1930, da lambunan kabeji, da shanya a igiya, jirgi kuwa sai jifa-jifa yake wucewa. Waɗansu gidajen da ya auna an rushe su ko an sake musu kama, ba inda suka saura sai a kan teburinsa.

Mu ma muna da abin da ke salwanta haka. Ku tuna garuruwan da dogo ya raya, irin su Kafancan, da Minna, da Jebba, da Offa, da Umuahiya. Ga tasha mai rufin kwano da baranda, ga dogon tankin ruwa inda kan jirgi ke sha, ga gidajen ma'aikatan reluwe a jere iri ɗaya, ga kantin kamfani da sikelinsa. Can gefe ga zango ko sabo inda fataken shanu da na goro ke sauka, da ɗan masallaci da butoci a ƙofa, da mai tsire, da 'yan talla suna miƙa tire ta taga. Jiragen tururi an daɗe da daina aiki da su, dalar gyaɗa sai a hoto, tashoshi da yawa ciyawa ta cinye. Tsofaffin da suka yi aiki a cikinsu kuwa kullum raguwa suke yi. A gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Ikko an adana hotuna da kayan aikin reluwe na da, amma ba kowane yaro zai kai can ba.

Kada wani ya ce ai kayan Turai tsada gare su. Gaskiya ne, amma jirgin da ba ya motsi ma yana koyarwa, kuma yaron da ya iya motar kara da ta langa-langa ya riga ya ci rabin aikin. Abin da ya rage a koya masa awo. A sami falankin katako ƙafa takwas da huɗu. A kai 'yan aji tasha mafi kusa, bayan an nemi izni, su auna gini da igiyar awo, su zana, su tambayi wani tsohon ma'aikaci inda kowane abu yake a da. In an dawo kowa ya raba awonsa da 87 kafin ya taɓa almakashi. Bango da kwali, a shafa gam a barbaɗa jar ƙasa mai laushi. Rufin kwano da takardar gwangwani ta cikin kwalin shayi, a ja mata layi da tsinke. Tsinken ashana shi ne katakan da ke gicciye ƙarƙashin dogo, yashi mai tsakuwa ya cike tsakani. Dusar katako da aka rina ta zama ciyawa, soson wanka a kan busasshen reshe ya zama itace, ƙwayar shinkafa kuwa da ɗan fenti ta yi kaza. Kuka sai a nemi saiwar rogo busasshiya a kafa ta a juye. Abu ɗaya da za a kiyaye, kada a bar komai fes. A goga toka da garin gawayi a jikin wagunu da rufin tasha, a ɗiga baƙin fenti tsakanin ƙarafan dogo daidai inda kan jirgi ke tsayawa shan ruwa.