Yadda Ake Riƙe Ƙungiyar Unguwa Ta Ɗore

A ƙauyukan ƙasar Birniwa, kamar sauran ƙauyukan masarautar Haɗeja, ba wuya mutum ya tarar da famfon tuƙa-tuƙa a tsaye, ba ya ba da ruwa. Idan ya tambaya, sai a ce masa ai tun bara ya lalace. Idan ya ce me ya lalace, sai a ce wata 'yar roba ce a ciki ta cinye. Kuɗin robar bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Amma yara sun koma rijiya mai nisa, wasu ma sun koma kududdufi. Kowa yana jiran gwamnati, ita kuwa gwamnati ta haƙa, ta miƙa wa jama'a, ta wuce wani gari.

Famfon na kowa ne, shi ya sa ya rasa mai shi. Maganin irin wannan shi ne ƙungiyar unguwa.

Mece ce ƙungiyar unguwa?

A manyan birane irin su Abuja da Legas akwai rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya. Masu gidajen sukan kafa ƙungiya. Kowane gida yana biyan kuɗi don albashin maigadi, da kwashe shara, da gyaran hanya. A wurare da yawa a Amurka ma, wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa dole ne ya shiga ƙungiyar, ya riƙa biya.

A Birniwa babu katanga, babu maigadi mai kaki. Amma akwai abubuwan da maƙwabta suka yi tarayya a kansu: famfo, da lambatu, da juji, da lungu, da maƙabarta. Babu magidancin da zai iya kula da su shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni ana aikin gayya. A zamanin En'e akwai duba-gari, mai shiga gida-gida yana duba randa da masai. A 1985 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin tsaftar muhalli, aka riƙa fita shara ranar Asabar ta ƙarshen wata. A 1986 aka kafa hukumar raya karkara ta DFRRI, wadda ta riƙa kiran ƙauyuka su kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai. An kafa da yawa. Wasu sun yi aiki, wasu kuwa ba su wuce ranar rabon muƙamai ba.

Gayya aikin yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse. Ƙungiya kuwa aikin shekara ce, kuma tana da littafi.

Su wa za su riƙe ta?

Ba a bukatar muƙamai goma sha biyar. Biyar sun isa: shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mai binciken kuɗi, da mai kula da famfo. Kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. Kada ma'aji ya zama shi ne mai rubuta littafi. Mai unguwa ko bulama uba ne. A bar shi a matsayin uba, wanda ake kai wa ƙara. Idan shi ne ke riƙe da kuɗi, wa zai iya tambayarsa?

Lallai a sa mata. Su ne suka san ranar da ruwan famfo ya fara fitowa da laka, domin su ke girki da wanki da shi. Inda ba za su zo taron maza ba, su yi nasu a cikin gida, su aiko da wakiliya dattijuwa. A sa 'yan haya, kamar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Su ma suna shan ruwan. Kuma tun da ƙasar Birniwa ta haɗa Hausawa da Fulani da Mangawa, a tabbata kowa ya ji dokokin da harshen da yake ganewa sosai kafin ya ce ya yarda.

A rubuta dokoki a takarda ɗaya ko biyu. Nawa ake biya, yaushe ake taro, nawa ne tara, shekara nawa shugabanni za su yi. Sannan a kai ofishin Ƙaramar Hukuma a yi rajista. Da takardar rajista ake samun sauƙin buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya.

Maganar kuɗi

A nan yawancin ƙungiyoyi suke mutuwa. Sau da yawa ba sata aka yi ba. Zargi ne kawai ya shiga, ba a sami takardar da za ta kore shi ba. Wani ya ce ya biya, ma'aji ya ce bai tuna ba. Wani ya ga ma'aji ya ɗinka sabuwar riga, sai magana ta tashi a majalisa. Daga nan gida uku su daina biya, sai goma, sai kowa.

Ga misali. A ce unguwa tana da gida 60. Kowane gida yana ba da N500 a wata. Kuɗin wata ya zama N30,000. Na shekara ya zama N360,000. Wannan kuɗi ne mai kauri a ƙauye. Wanda aka damƙa wa shi ba tare da littafi ba, ko da mutumin kirki ne, an jefa shi cikin fitina.

Littafin ba shi da wuya. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A shafin hagu a rubuta abin da ya shigo: kwanan wata, sunan mai biya, da adadin kuɗi. A shafin dama a rubuta abin da ya fita: kwanan wata, abin da aka saya, wanda ya sayo, da kuɗinsa. Duk wanda ya biya a ba shi rasit nan take, ko ya sa hannu a gaban sunansa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Duk abin da aka sayo a kasuwa, a karɓo rasit, a liƙa a bayan littafi.

Kowane wata, bayan sallar La'asar ko lokacin da aka amince, magatakarda ya miƙe ya karanta littafin da ƙarfi. Ya faɗi abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. Ma'aji kuma ya nuna ragowar, ko takardar banki. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci ya karɓi littafin ya duba sunansa da idonsa. Wannan ba raini ba ne ga shugabanni. Kariya ce gare su. Ga masu cewa me tsoho zai yi da karatu, to, ga amfaninsa ɗaya.

Kada a tara kuɗi da yawa a gwangwani ko a ƙarƙashin katifa. Akwai gara, akwai gobara, akwai ɓarawo. Jama'a ba su manta da farkon 2023 ba, lokacin da aka canza takardun N200 da N500 da N1,000, masu ajiya a gida suka yi ta neman inda za su kai nasu. A banki, a sa sharaɗin sai mutum biyu daga cikin uku sun sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. Idan ana turo kuɗi ta waya, a turo asusun ƙungiya, ba na wani mutum ba.

Wani abu kuma: kuɗin famfo ba na rance ba ne. Za a zo da kuka, wani matarsa ta haihu, wani zai sayi taki. Ranar da aka ba mutum ɗaya, an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Masu son rance su kafa adashi dabam.

To, wanda ba shi da hali fa? Gwauruwa mai marayu, da tsoho marar mai taimako, da nakasasshe, a yafe musu a gaban taro, a rubuta. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi, ya biya da aiki. Makiyayi mai shayar da garke a famfo, a zauna da shi a yanka abin da zai riƙa bayarwa tun kafin rani ya yi tsanani. Rigimar bakin famfo ta fi sauƙin kashewa a lokacin sanyi.

Ruwan sha da ruwan sama

Mai kula da famfo ya riƙa duba shi kowane mako. Ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya sa wa sarƙa man giris, ya hana yara lilo da hannun famfo. Idan sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya fito, alama ce roba ta fara cinyewa. A kira makaniki a lokacin. A kewaye famfo don kada dabbobi su yi kaca-kaca da bakinsa. Kada a haƙa masai kusa da rijiya ko famfo. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30, wajen taku 40 na babban mutum.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2021 cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta rabu da yin bahaya a fili, a dukan ƙananan hukumominta 27. Samun wannan suna abu ɗaya ne, riƙe shi wani abu ne. Masai yakan cika, yakan rufta da damina. Ƙungiyar unguwa ce ta fi kusa da ganin gidan da nasu ya rufta.

Sai ruwan sama. Mutanen wannan yanki sun san ambaliya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta canza. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ruwa ya riƙa bin inda ba ya bi a da. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a masarautar. A garin Haɗeja matasa sun yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga dare da rana.

Ƙungiyar unguwa ba ta da ikon tare kogi. Wannan aikin gwamnati ne da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma gidan ƙasa ba sai kogi ya zo yake faɗuwa ba. Ruwan da ya kwanta a gindin bango kwana biyu ya isa ya kayar da shi, ko da unguwar tana kan jigawa nesa da kogi. Kuma sau da yawa abin da ya tare ruwan bai wuce leda da toka da aka zuba a lambatu ba.

Saboda haka a sa ranar gayya a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. A yashe lambatu tun daga ƙarshensa, inda ruwa ke fita, a hauro sama. Idan aka fara daga sama, ruwan zai taru a ƙofar na ƙasa. A kwashe abin da aka yaso a ranar, a kai juji. In aka bar shi a gefe, ruwan farko zai mayar da shi. A leƙa cikin kwalbati. Kowane magidanci ya gyara indararonsa don kada ya zuba a bangon maƙwabci.

A kula da kududdufi. Shi ne tulun unguwa, can ruwan sama yake taruwa. Idan aka cike shi aka yi gini, ruwan ba zai ɓace ba, gidajen mutane zai shiga. Idan aka ga wani ya fara zuba ƙasa a ciki, a sanar da bulama da hakimi da sashen filaye na Ƙaramar Hukuma tun bai sa tubali ba.

Inda ikonta ya tsaya

Ƙungiya ba kotu ba ce. Ba ta da ikon ƙwace kayan mutum, ko dukansa, ko korarsa daga gidansa don ya ƙi biya. Za a yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, a tura dattawa, sannan a kai wa mai unguwa. Idan unguwa tana da 'yan sintiri, wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda. Kuma a raba ƙungiya da jam'iyya. Ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa, a rubuta a shafin hagu, a karanta a taro kamar ta kowa.

Babban taron shekara ya fi dacewa da kaka, bayan an sayar da riɗi da gero, lokacin da kuɗi ke hannun mutane. A ranar, mai binciken kuɗi ya faɗi abin da ya gani a littafi. Masu bashi su biya. Wanda ya ga dama ya biya na shekara gaba ɗaya da kwanon hatsi, a yi masa kuɗi da farashin kasuwar wannan mako. Idan wa'adin shugabanni ya cika, a yi zaɓe. Tsohon ma'aji ya ƙirga kuɗi a gaban jama'a, ya miƙa wa sabo tare da rasitai da takardar banki, su biyun su sa hannu a shafi na ƙarshe.