Zarto, farata da jinin ƙarya: Fina-finan ban tsoro a gidajen ma'aikatan masana'antun Kano

Idan aka tashi daga aiki a Sharada, ko Challawa, ko Bompai, ba kowa ne ke zarcewa gida kai tsaye ba. Samari da magidanta da yawa, waɗanda suka yini a gaban injin roba ko cikin warin jima, sukan biya ta shagon masu tura fina-finai, su miƙa waya ko memori a cika musu. Fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ne kan gaba, sai namu masu dogon zango, amma na ban tsoro ma yana da 'yan kasuwarsa, musamman wanda wani mugu ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya da wuƙa ko adda. Daga shagon, wayar nan sai gida: ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Ja'en, ko Panshekara, ko Dakata, inda uwargida da yara ke kwana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin masu kallon irin waɗannan fina-finai, don haka ban zo da wa'azin a daina ba. Abin da ke damuna shi ne mun bar mai shago yana zaɓa mana. Shi kuwa ma'auninsa ɗaya ne: "Wannan sabo ne, ya fi jini." Galibin abin da yake kira sabo tsohon labari ne aka sake ɗauka, aka ƙara masa jan ruwa, aka zubar da abin da ya sa na farkon ya shiga zukatan mutane.

A ɗauki The Texas Chain Saw Massacre, wanda Tobe Hooper ya yi a 1974. Sunansa kaɗai ya isa ya tayar da tsikar jiki, kuma a Ingila sai a 1999 hukumar tace fina-finansu ta amince a nuna shi ko'ina. Amma duk wanda ya zauna ya kalle shi zai yi mamakin ƙarancin jinin da ke ciki. Ƙarar zarto mai inji ce, da zafin rana, da ƙasusuwan da aka jera a ɗaki kamar kayan ado, suke yin aikin. Ƙarƙashin wannan kuma akwai labarin da mutumin Challawa zai gane tun kafin a fassara masa. Mutanen gidan da ke kisan, mahauta ne tun kaka da kakanni, a abbatuwar garinsu suke aiki. Da aka kawo sabuwar na'urar kashe shanu, sai aka daina bukatar hannuwansu. Sana'ar ta tafi, hannun da ya saba da ita ya rage. Mu da muka ga yadda masaƙu da sauran kamfanoni suka dinga rufe ƙofa a Bompai da Sharada tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, mun san yadda gida ke komawa idan albashi ya yanke. Ba cewa nake rashin aiki na mai da mutum makashi ba, Allah ya kiyaye. Amma fim ɗin ya san inda ya samo tsoronsa, daga wurin aiki ya ɗebo shi.

A 2003 aka sake ɗaukarsa. Hoto ya yi kyau, kuɗi sun fito, an sare ƙafa a gaban kyamara. Sai kuma aka ba mugun wani sabon dalili: wai ciwon fata ne ya cinye masa fuska tun yana yaro, shi ya sa yake rufe ta da fatar mutane. A nan ne na tsaya. Ina ganin masu ciwon fata a wurin aiki, ina ganin yadda suke jan mayafi su rufe fuska kafin su shigo layi. Majema ma da ke taɓa sinadarai kullum sun san abin da aikin ke yi wa hannu. Fim ɗin da zai koya wa yaro cewa mai tabo a fuska abin gudu ne, bai burge ni ba ko da nawa aka kashe masa.

Haka aka yi wa A Nightmare on Elm Street. Na 1984, na Wes Craven, a ganina har yau babu kamarsa a wannan layi, kuma duk mai aikin dare ya kamata ya fahimci dalili. Mugun, Freddy Krueger, mai safar hannu da wuƙaƙe a madadin farata, a mafarki yake kisa. Kenan abin da kake gudu shi ne barci, kuma babu mai iya gudun barci har abada. Craven ya ce labaran jarida ne suka ba shi tunanin, na wasu 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya da suka riƙa mutuwa cikin barci a Amurka. Mu ma muna da namu, dannau: ka farka, idonka biyu, jiki ya ƙi motsi, ƙirji kamar an ɗora dutse. A ilimin lafiya, ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa, kuma abin ya fi samun wanda barcinsa ba shi da tsari, kamar mai yin mako guda a aikin rana, mako guda a na dare. Ga kuma inda Freddy ke jan mutane: ɗakin tukunyar tururi, bututu ko'ina, ƙarfe na zufa. Wanda ya taɓa shiga ɗakin boila a kamfani ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da aka sake shi a 2010, sai aka gyara fuskar Freddy ta yi kama da ta wanda ya ƙone da gaske. Ta Robert Englund ta da, kowa ya gani ya san dodo ne na wasa. Wannan kuwa irin fuskar da muke wankewa muna sa wa magani ce, ta wanda risho ko tukunyar gas ta fashe da shi. Tausayi ta ba ni, tsoron ya gudu. Halloween ma, na John Carpenter na 1978 da kusan babu jini a cikinsa, da Rob Zombie ya maimaita shi a 2007 sai ya ɓata kusan rabin fim yana ba mu tarihin yarintar makashin, har muka san shi kamar ɗan maƙwabta.

Kada a ce na tsani duk abin da aka sake. Bhool Bhulaiyaa na 2007, wanda Kanawa da yawa suka kalla saboda Akshay Kumar da Vidya Balan, maimaici ne na wani fim ɗin kudancin Indiya na 1993, kuma ya yi kyau. Gida ya ɗauka fatalwa ce ta shiga jikin amarya, ashe larurar ƙwaƙwalwa ce, kuma likita ne ya gano. Mu da ake kawo mana mai farfaɗiya bayan an shekara ana yi masa hayaƙi, irin wannan labari muke so ya yawaita.

Yanzu bari in yi maganar jinin kansa, tunda shi ake sayar mana. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin lita 5. Idan lita 2 ta fita, rai na cikin haɗari: jiki ya yi sanyi, gumi ya keto, bugun zuciya ya yi sauri amma ba ƙarfi, mutum ya fara ruɗewa. Babu maganar tsallake katanga. A fim kuwa za a sari yarinya a cinya, ta yage gefen riga ta ɗaure, ta yi gudun da ko mai lafiya sai ya yi haki. Wannan dariya kawai yake ba ni. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne jarumin da ke cije baki ya zare wuƙa daga cikinsa ya jefar. Mutanen da ke kallon wannan su ne gobe za su tsaya kusa da injin niƙa roba ko na sassabe fata, kuma idan tsautsayi ya faɗa wa abokin aiki, abin da ido ya saba gani shi hannu ke yi. Don Allah, ƙarfe ko gilashi ko wuƙa da ta shige jiki, kada a zare ta, sau da yawa ita ce ta toshe jijiyar da ta yanke. A danna gefenta da tsumma mai tsafta, a tallafe ta kada ta motsa, a nufi asibiti. Idan yatsa ne ya guntule, a danne wurin da ƙarfi, a naɗe guntun a tsumma mai tsafta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kuma a bar zuba ƙasa ko toka ko man birki a kan rauni, aiki kawai ake ƙara mana.

Sai batun yara, kuma nan da iyaye mata nake, duk da cewa wayar galibi ta maigida ce. Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma hukuma ba ta shiga memorin kowa, ba ta kuma kwana a ɗakinku. Duk fina-finan Amurka da na ambata na manya ne, ko a can ƙasarsu ba a barin yaro ya shiga kallonsu shi kaɗai. A ɗaki ɗaya kuwa, yaron da aka ɗauka ya yi barci kunnensa a buɗe yake. Kuma a fim ɗin ban tsoro sauti ne rabin aikin: ihun mace, numfashi a bayan ƙofa. Ɗan shekara huɗu ko biyar bai gama rarrabe wasa da gaske ba. Bayan kwana biyu sai a ga ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi fita banɗaki da dare, ko yana firgita cikin barci, sai a ce maita ce ko iska. Kafin a kai ga nan, a tambayi abin da aka kalla a ɗakin cikin makon. Abin sawa a kunne ba shi da tsada, kuma juya fuskar wayar zuwa bango kyauta ne. Shi ma maigidan, idan ƙarfe shida na safe zai karɓi inji, fim ɗin da zai sa zuciyarsa dukan uku-uku har ƙarfe ɗaya na dare ba abokin tafiyarsa ba ne. A bar shi sai daren da gobe babu aiki.

Wani abin da nake jira shi ne ranar da wani darakta a Kannywood zai lura da abin da ke gabansa. 'Yan Kudu sun yi nasu tun Living in Bondage na 1992, suka ɗauko tsoron da ke cikin garinsu, na kuɗin tsafi, har suka dawo suka ɗora masa ci gaba a 2019. Mu kuwa da an ce ban tsoro sai farin likkafani da hoda a fuska da dariyar aljana. Alhali ga tsofaffin masana'antu nan a Bompai, rufi ya yaye, ciyawa ta cinye harabar, injuna sun yi tsatsa a inda aka kashe su ranar ƙarshe. A samu maigadi ɗaya dattijo da tocila, wanda shekara ashirin ke nan yana gadin wurin da babu abin sata, sai wani dare, unguwa duk babu wuta, ya ji injin saƙa ya tashi a can ciki.