Ƙurar Hunturu da Fukafukan Injin Wutar Gwagwalada

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin tashar wutar lantarki ta kamfanin NNPC a Gwagwalada, wadda aka tsara za ta kai megawat 1,350, da iskar gas daga bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. An yi ta maganar megawat. Amma tsawon ran tasha irin wannan yana rataye ne a kan wani shafi da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

Cikin injin, iskar da aka ƙona tana dukan fukafukai da zafin da kan haura digiri 1,300, dab da inda ƙarfen nikel ɗin da aka ƙera su da shi yake narkewa. Zafin kaɗai ba shi ne babban abokin gaba ba. Idan gishirin da iska ta kwaso ya haɗu da farar wutar da ke cikin makamashi, sai su haifi wani gishiri mai narkewa a digiri 884. Shi ke kwanciya a jikin ƙarfen, ya cinye fatar da ke kare shi, ya shiga ɓarna kamar gara a azara. Wannan ita ce tsatsar zafi.

Maganinta shafi ne hawa biyu. Na ƙasa haɗin nikel da kobal da kuromiyam da alminiyam ne da ɗan itiriyam; alminiyam ɗin ke fitar da sabuwar fata duk lokacin da tsohuwar ta ɓare. Na sama tangaran ne na zakoniya, mai tare zafi.

Abuja ta yi nisa da gishirin teku, wannan sa'a ce. Sai dai muna da hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, in ta tsallake matatar iskar injin, takan narke wajen digiri 1,200, ta cika ƙofofin tangaran ɗin. Da injin ya huce sai shafin ya tsage. Ga shi layin wutarmu na ƙasa yana yawan faɗuwa, kowane kashewa da kunnawa kuwa ƙarin tsaga ne.

A ganina bai kamata mu zuba ido sai masu ƙera injin sun faɗa mana abin da ƙurarmu ke yi masa ba. Cibiyar kimiyya ta Sheda da Jami'ar Abuja duk maƙwabtan tashar ne. Gwamnati ta ba su kayan aiki da tsofaffin fukafukai, su fara gwaji tun yanzu.