Nazarin jima'i da haihuwa: Ina ɗalibin gabashin Sakkwato zai samu littattafai?

Ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo da ke karatun likita, ko aikin ungozoma, ko nazarin zamantakewa, ko shari'a, sukan ci karo da matsala iri ɗaya idan aka ce su rubuta kundin kammala karatu a kan aure da jima'i da haihuwa: ina za su samu abin dogaro?

Manyan ɗakunan karatu na jihar dai suna birnin Sakkwato ne. Wayar salula kuwa, wadda ita ce mafi kusa da hannu, da zarar an rubuta mata kalmar jima'i sai ta cika fuska da hotunan batsa da tallan masu maganin maza da kayan mata.

Ga kuma kunya. Ba kowace ɗaliba ce za ta iya tsayawa gaban ma'aikacin laburare, wanda wataƙila sa'an mahaifinta ne, ta faɗi abin da take nema ba.

To amma batun ya wuce na samun maki. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa dubu ɗari saboda ciki ko haihuwa. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai yankin Gandi na Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun raba dubban iyalai da gidajensu, kuma mata da 'yan mata na cikin waɗanda aka fi cin zarafi. Wanda zai yi aikin jinya ko alƙalanci a irin wannan wuri yana buƙatar ilimin da aka tantance.

Ba a kanta ɗaya suke ba

Abu na farko da ke rikita ɗalibi shi ne cewa babu wani sashe guda da aka rubuta wa suna "jima'i". Fannin a warwatse yake.

Akasarin jami'o'in Nijeriya suna jera littattafansu ne bisa tsarin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke amfani da haruffa. A wannan tsari, littattafan da suka shafi aure da iyali da mata da rayuwar jima'i suna ƙarƙashin HQ. Cututtukan mata da haihuwa suna RG, lafiyar al'umma tana RA. Addinin Musulunci yana BP, kuma a nan ne za a tarar da tsofaffin littattafan fiƙihu da dama, yayin da sababbi kan faɗa KBP.

Ƙananan ɗakunan karatu na kwalejoji da na jiha sun fi amfani da lambobin Dewey, inda ake duba 306.7 da 613.9 da 618, sai 297 domin Musulunci.

Amfanin sanin waɗannan haruffa da lambobi a fili yake. Wadda kunya ta hana ta tambaya za ta iya wucewa kai-tsaye zuwa kanta a Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ta ɗauko abinta. Littattafan likitanci kuwa sun fi samuwa a ɓangaren asibitin koyarwa na jami'ar. Ɗalibin wata makaranta yakan buƙaci takardar gabatarwa daga shugaban sashensa kafin a bar shi ya shiga, don haka gara ya karɓo ta tun kafin ya kama hanya.

Akwai kuma matsalar kalma. Bahaushe yakan sakaya, ya ce "kwanciyar aure" ko "sunna" ko "ciwon sanyi", alhali kundin laburare da Turanci yake magana. "Ciwon sanyi" kaɗai na iya nufin cututtuka da dama waɗanda likitoci suka ba kowacce sunanta. Ɗalibin da bai fara zama da malaminsa ya fassara kalmominsa zuwa na fannin ba, zai iya wuni yana nema ya tashi hannu rabbana.

Abin da ke gida tun da

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan fanni baƙo ne, daga Turai ko Amurka aka shigo da shi. Gaskiya ne cewa cibiyoyin zamani a can suka fara: ta Magnus Hirschfeld a Berlin a 1919, wadda 'yan Nazi suka ƙona littattafanta a 1933, da ta Alfred Kinsey a Jami'ar Indiana a 1947.

Sai dai duk wanda ya zauna a zauren malami a Wurno ya san cewa littattafan farko da ake biyawa, wato Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, suna magana ƙarara a kan haila da jinin biƙi da maniyyi da wankan janaba. Risala da Askari da Muhtasar na Halil sun shiga batun idda da shayarwa, manyan littattafan mazhabar kuma sun lissafa cututtukan al'aura da za su iya ba miji ko mata damar neman a raba aure. Imam Gazali ya keɓe babi guda a Ihya'u domin ladubban aure, har ya tattauna hukuncin azalu.

Waɗannan littattafai ba kayan tarihi kawai ba ne. A watan Satumban 2003, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina Lawal, ɗaya daga cikin hujjojin da ta karɓa shi ne ra'ayin Malikiyya cewa ciki na iya kwanciya har shekara biyar, don haka ana iya danganta shi ga tsohon miji. Likitancin zamani bai yarda da kwantaccen ciki ba. Amma ɗalibin shari'a da bai san inda mas'alar take a littafi ba, ba zai fahimci wannan hukunci ba, balle ya kare wata mace da shi.

Wurno kanta tana da kaso a wannan tarihi. A nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na basur da na ciwon ido da na amfanin filasko. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta zauna a Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara ayoyi da surorin da ake neman waraka da su, har da domin mai ciki da mai naƙuda. Mahaifinsu Shehu Usmanu kuwa, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen addininsu.

Mai neman irin waɗannan rubuce-rubuce zai fara ne da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Daga nan sai Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ita ma take Kaduna, inda rahotannin jami'an lafiya na zamanin mulkin mallaka suke. Juzu'i na biyu na kundin John Hunwick na 1995 a kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka yana nuna sunan kowane littafi da wuraren da ake ajiye da kwafinsa, abin da kan rage wa mutum tafiyar banza.

Binciken da aka yi a ƙasar Hausa

Shekara da shekaru ana nazarin waɗannan batutuwa a tsakanin Hausawa, kodayake yawancin littattafan a waje aka buga su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗalibi.

Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, labarin rayuwar wata dattijuwa ce daga bakinta, da aure-aurenta da kishi da goyo. Barbara Cooper ta rubuta tarihin aure a Maraɗi a 1997, ta biyo shi da tarihin haihuwa a yankin Sahel a 2019. Kathryn Rhine ta zauna da matan Kano masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ta fitar da littafinta a 2016. Na Rudolf Gaudio a kan 'yan daudu a Kano, wanda ya fito a 2009, ya taɓo batun da dokar tarayya ta 2014 da dokokin shari'a na jihohi suka haramta, kuma duk mai son bin wannan layi ya kamata ya san haɗarin da zai iya jefa waɗanda zai yi hira da su.

Ta fuskar likitanci, aikin da har yanzu ake komawa gare shi shi ne na Farfesa Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su je awon ciki ba, da 'yan mata masu ƙarancin shekaru, su ne suka fi mutuwa ko samun lahani. Lewis Wall ya rubuta a kan maganin gargajiya na Hausa a 1988, daga baya ya mai da hankali kan yoyon fitsari, cutar da likitan Holan Kees Waaldijk ya shafe shekaru da dama yana yi wa tiyata a Babbar Ruga ta Katsina.

A nan akwai darasi game da shekarar bugu. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciya na masu jego da wankan jego da kunun kanwa, kuma ɗalibai suka daɗe suna kwafar wannan magana kamar yankan wuƙa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka gudanar daga baya bai tabbatar da wannan alaƙa ba, ya karkata ne ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Wanda ya tsaya a tsohon littafi kaɗai zai gaya wa mai jego abin da ilimi ya riga ya sake dubawa.

Ta intanet fa?

PubMed kyauta ne tun 1997, kuma ba ya nuna batsa. AJOL, wanda aka fara a 1998, ya tattara mujallun Afirka, ciki har da mujallar lafiyar haihuwa ta Afirka da Farfesa Friday Okonofua ya kafa a birnin Benin a 1997. Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine suna da tushe a Sakkwato, kuma a cikinsu aka fi samun binciken da aka yi a asibitocin jihar.

Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, yana buɗe mujallu masu tsada ga cibiyoyin da suka yi rajista, kyauta ko a kan farashi mai rahusa. Kalmar sirrin shiga tana hannun ma'aikatan laburare ne. Ke nan duk yadda kunya ta kai, ba makawa sai an yi musu magana.

Sai a yi hattara da mujallun da ke buga duk abin da aka aika musu muddin an biya kuɗi. Suna da yawa, kuma sunayensu kan yi kama da na ƙwarai.

Alƙaluman jiha, ba na ƙaramar hukuma ba

Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, wanda aka fara a 1990, shi ne babbar rijiyar alƙaluma. Na 2018 ya nuna cewa kashi 12 cikin ɗari na matan aure a Nijeriya ne ke amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa, a jihar Sakkwato kuwa kashi 2 kacal. An sake yin wani a 2023 zuwa 2024, kafin gwamnatin Amurka ta janye kuɗin da take zuba wa shirin a farkon 2025.

Amma wannan bincike a matakin jiha yake tsayawa. Kuskure ne ɗalibi ya ɗauki adadin jihar Sakkwato ya rubuta cewa na Goronyo ne, tunda an gauraya matan birni da na ƙauyukan bakin gulbin Rima a lissafi ɗaya.

Abin da ya shafi ƙaramar hukuma sau da yawa yana cikin kundayen digiri da ke jibge a sassan jami'a, waɗanda ba a taɓa bugawa ba, da rajistar asibitoci, da bayanan wurare irin Cibiyar Nana Khadija da ke kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Sakkwato. Waɗannan bayanai na ƙarshe sirrin mutane ne. Ba a taɓa su sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, haka kuma ba a yi wa kowa tambaya sai da yardarsa, kuma ba a rubuta suna ko unguwa.

Taƙaddamar da ke kewaye da fannin

Yanayin siyasa ma yana shafar abin da ake samu a kanta. Manhajar ilimin jima'i da aka tsara wa makarantun Nijeriya ta gamu da adawa mai ƙarfi daga malaman addini da iyaye, har aka sauya mata suna a 2003 zuwa ilimin rayuwar iyali da HIV, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. A watan Nuwamban 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini.

Masu goyon bayansa suna ganin ana koya wa yara abin da bai dace da shekarunsu ba. Masu adawa kuwa, ciki har da ƙungiyoyin lafiya, suna cewa yaran da aka hana bayani a aji za su same shi a waya, ba tare da mai gyara musu ba.

Shekara guda kafin nan, a Nuwamban 2021, jihar Sakkwato ta sa hannu a kan dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a. Ɗalibin da ke rubutu a kan fyaɗe ko auren wuri a Wurno ko Rabah ko Goronyo yana buƙatar kwafin waɗannan dokoki biyu na jihar, domin su ne kotunan yankin ke aiki da su, ba na tarayya da ake yawan samu a intanet ba. Ma'aikatar shari'a da ma'aikatar harkokin mata da ke Sakkwato ne wuraren da ake nemansu.