Jita Mai Tsirkiya Bakwai: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Sabon Fikof

Masu kaɗa jitar lantarki a harabar nan ba su da yawa, masu son kiɗan metal a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci. Duk da haka kuka ɗaya nake ji daga bakinsu. Mutum ya yi ta tari har ya samu jita mai tsirkiya bakwai, galibi ta hannu, ya jona ta, ya murɗa amfilifaya, sai tsirkiyar nan mai kauri ta riƙa ba da sauti a dagule kamar kunun da aka dama da gaggawa. Daga nan sai tambaya: wane fikof zan saya?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Fikof biyu na manyan kamfanoni sukan kai dala 200 ko su haura, ban da kuɗin aikowa, kuma kaya in sun tsallako teku mayar da su sai mai dogon haƙuri. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin furojet da na hayar ɗaki, kuskure ɗaya ya isa ya lashe tarin zango guda. Ni lantarki nake karantawa, shi ya sa zan bi maganar ta inda na fi sani. Amsata a taƙaice: a jita mai tsirkiya bakwai, tsabtar sautin ƙasa ake nema, ƙarfi kuwa amfilifaya ma tana bayarwa.

Mene ne fikof ɗin?

Ba motar a-kori-kura nake nufi ba. Fikof shi ne ɗan akwatin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar tagulla, mai kama da silin gashi, wadda aka naɗa sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kan maganaɗisun, sai wata 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, tana hawa da sauka daidai da rawar tsirkiyar. Wannan ita ce dokar da Michael Faraday ya gano a 1831, wadda duk ɗan ajin farko a sashenmu ya sha a jarrabawa. Injin janareta ma da ita yake aiki.

Matsalar naɗi guda ita ce ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, har gurnanin wutar gida yake kwasowa. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar maganin abin a 1955: naɗi biyu a jere, an juya su saɓanin juna, gurnani ya kashe gurnani, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya ƙaru. Shi ake kira hambaka, kuma daga 1957 ya hau jitocin Les Paul. Sautin nan mai kaifi da muke ji a jitar mutanen Agadas irin su Mdou Moctar na naɗi guda ne. Metal kuwa kusan dukansa a kan hambaka yake tafiya, don ana ninka sauti sosai, kuma duk ƙazantar da ta shigo tare da shi ita ma ninkuwa take.

Abin da tsirkiya ta bakwai ta zo da shi

Kamfanin Ibanez na Japan ne ya fara fitar da jitar lantarki mai tsirkiya bakwai da yawa a kasuwa, samfurin Universe, a 1990, tare da makaɗi Steve Vai. A 1994 ƙungiyar Korn ta Amurka ta fitar da faifanta na farko da irin wannan jita, ita ma Dream Theater ta yi amfani da ita a faifan Awake a shekarar. Daga nan abin ya bazu.

Ga lissafin. Tsirkiya mafi kauri a jita mai shida, wato E, tana rawa kusan sau 82 a daƙiƙa. Ta bakwai, wato B, kusan sau 62. In ka sassauta ta zuwa A kamar yadda Korn suke yi, ta koma 55. To sifikar jita ba a yi ta don wannan zurfin ba. Celestion Vintage 30, wadda masu metal suke ji da ita, daga wajen 70 Hz take fara aiki sosai. Ke nan abin da kunnenka ke kamawa har ya ce “wannan B ce” yawanci ba tushen sautin ba ne, 'ya'yansa ne da ke sama: 123, 185, 247 da sauransu.

Yanzu ka ƙara distoshan, wato matse sautin nan da ke ba metal gurzarsa. Amfilifaya tana yanke kan igiyar sautin, kuma in sauti biyu ko uku suka shiga tare, sai su haifi wasu sababbi daga jimillarsu da bambancinsu. Idan fikof ya turo sautin ƙasa mai yawa, shi zai cika wurin, ya danne 'ya'yan nan da kunne ke buƙata. Kunun da na ambata ke nan. Don haka fikof mai kyau a nan shi ne wanda ya rage ƙasa kaɗan, ya fito da tsakiya, ya kuma saki sauti da wuri in ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu.

Kada lambar mita ta ruɗe ka

Masu talla suna son rubuta cewa fikof kaza 16k ne, wancan 8k, sai mutum ya ɗauka na farkon ya ninka na biyu ƙarfi. Lambar nan juriyar wayar ce kawai, wadda za ka iya aunawa da mitarka. Waya siririya ta fi mai kauri juriya ko da yawan naɗinsu ɗaya. Sannan fikof na tsirkiya bakwai ya fi na shida tsawo, kowane zagaye ya fi cin waya, saboda haka lambarsa za ta hau ba tare da ya ƙara komai ba. Abin da ya tabbata shi ne, in aka yawaita naɗi, ƙarfi yana ƙaruwa amma kaifin sama yana dusashewa. A tsirkiyar B wannan ciniki ne da za ka iya faɗuwa a cikinsa.

Sai maganaɗisu. Iri biyu za ka fi gani: siramik, da alniko wanda haɗin aluminiyam ne da nikel da kobalt da ƙarfe. A bisa al'ada ana sa siramik a fikof ɗin da ake so ya yi kaifi da tsauri, alniko kuma a wanda ake so ya yi taushi. Amma fa yadda aka yi naɗin ya kan rinjayi irin maganaɗisun, don haka kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai.

Mai batir ko marar batir?

Nan ne gardama take. Fikof mai batir naɗinsa kaɗan ne, sautinsa na asali rarrauna, sai wata 'yar amfilifaya da ke cikinsa ta ɗaga shi da batir mai bolt 9. Amfaninsa: hayaniya kaɗan, sauti daidaitacce, kuma doguwar waya ba ta cinye masa kaifi. Aibinsa: ko ka kaɗa a hankali ko da ƙarfi, bambancin ba ya fita sosai, ga kuma batir da zai iya mutuwa ana tsakiyar wasa. Marar batir ya fi bin hannun mai kaɗawa, amma ya fi kwasar hayaniya, kuma in wayarka ta yi tsawo ko ba ta da kyau, za ka ji sautin ya dushe.

Mu a nan akwai abin da ya kamata mu sa a ma'auni. Wutarmu 50 Hz ce, ta Amurka 60. Gurnanin wutarmu ke nan yana maƙwabtaka da tsirkiyar A mai 55, ba yadda za ka tace ɗaya ka bar ɗaya. Ƙara da janareta, da cajar waya mai araha, da soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Wanda zai riƙa kaɗawa a irin wannan yanayi, mai batir zai rage masa ciwon kai. Amma a kula: in ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan jan ka, wannan ba maganar fikof ba ce, maganar rai ce. Zare wuta nan take, a duba amfilifaya da soket.

Sunayen da za ka ci karo da su

A ɓangaren masu batir, EMG na Kalifoniya su ne tsofaffin hannu. Samfurinsu 81-7 yana da kaifi da tsauri, 707 ya ɗan fi shi kauri. Seymour Duncan suna da Blackouts. Fishman Fluence kuma sun bi wata hanya dabam: maimakon naɗa waya, sai suka buga naɗin a kan siraran allunan lantarki suka jera su hawa-hawa, kuma fikof ɗaya yana ba da murya fiye da ɗaya. Cikin waɗanda aka yi wa samfuri da sunansu akwai Tosin Abasi na ƙungiyar Animals as Leaders, haifaffen Washintan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne.

A marasa batir, Seymour Duncan suna da Nazgûl mai siramik don metal mai zafi, da Pegasus mai alniko wanda ya fi barin tsirkiyoyi su fito ɗaya-ɗaya, sai Sentient na gefen wuya. DiMarzio suna da Crunch Lab 7 da LiquiFire 7 da suka yi da John Petrucci, da D Activator 7 da aka tsara don ya kwaikwayi mai batir. Bare Knuckle na Ingila suna da Aftermath, da Juggernaut na Misha Mansoor. Lundgren M7 kuwa daga Suwidin yake, an san shi ta dalilin ƙungiyar Meshuggah.

Shawarata: in kuɗinka na guda ɗaya ne, sayi na gindi, wato wanda ke kusa da gadar da tsirkiyoyi suka hau, abin da masu gurmi ke kira jaki. Kusan duk gurzar metal daga nan take fita. Na wuya zai iya jira. Sharaɗi ɗaya dai, kada ka haɗa mai batir da marar batir a jita guda, rigimarsu ta fi amfaninsu yawa.

Auna rami kafin ka biya

Wannan matakin ne ya fi cinye kuɗin mutane. Ramin fikof a jita mai tsirkiya bakwai iri biyu ne. Akwai na hambaka da aka saba, mai kunnuwa biyu a gefe. Akwai kuma mai siffar sandar sabulu, irin na EMG 707, tsawonsa inci 3.5, faɗinsa inci 1.5. Mai sabulu ba zai shiga ramin hambaka ba sai an sassaƙe katako, hambaka kuma in ya shiga ramin sabulu zai bar giɓi. Kamfanoni da dama suna fitar da samfuri ɗaya a siffa biyu, saboda haka ka karanta da kyau wanne kake dannawa. In kuma jitarka irin mai karkatattun firet ce, fikof ɗinta ma yawanci a karkace yake, na kowa-da-kowa ba zai zauna ba.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Hambaka marar batir yana son abin murɗa murya mai 500k, mai batir kuma 25k. In za ka koma mai batir, sai ka canza su, ka canza ramin jona waya zuwa mai ƙafa uku, ka kuma nemo wa batir wurin zama. Ƙafa ta ukun nan ita ce makunni: muddin waya tana jone, batir yana ci, don haka a zare ta in an gama. Aikin dalmar ba shi da wuya, duk mai gyaran rediyo da ya iya karanta zane zai yi shi, kuma kamfanonin suna saka zanen kyauta a shafukansu.

A kula da jabu. In ka ga an rubuta babban suna a kan farashin da bai kai kwata ba, ka tuna araha ba ta ado. Na jabu sau da yawa ba a jiƙa naɗinsa da kakin zuma yadda ya kamata ba, da ka ɗaga murya sai ya kama ƙara kamar makirfon a gidan biki.

Gwaji huɗu kafin ka taɓa aljihu

Na farko, sabunta tsirkiyoyi. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe su da wuri, tsohuwar tsirkiya kuwa ko wane fikof aka sa mata a dushe za ta fito. Na biyu, duba kaurin ta bakwai. A jita mai tsawon inci 25.5, tsirkiyar B takan so wajen .059 zuwa .062, in za ka sauka A kuma ka ƙara kauri. Tsirkiyar da ta yi sako-sako lilo take, sautinta ma lilo zai yi. Na uku, ɗauki sukudireba ka gyara tsayin fikof. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka bar tazarar kamar milimita 2, sannan ka ɗan ƙara sauke gefen masu kauri kana saurare. Na huɗu, rage distoshan da sautin ƙasa a amfilifaya. Masu metal sun daɗe suna sa ɗan akwatin Tube Screamer a gaba, su rufe distoshan ɗinsa su buɗe murya, don kawai ya aske ƙasa kafin sauti ya shiga. In da kwamfuta kake kaɗawa, akwai kwaikwayonsa kyauta.

Idan ka yi huɗun nan har yanzu B tana dagulewa, to lallai fikof ne. A lokacin sai ka ɗauki sautinka a waya, ka saurari gwaje-gwajen da aka yi a jita mai tsawo da sauti irin naka, da abin sa wa a kunne mai kyau, ba da sifikar waya ba. Ka rubuta abin da ke damunka a jimla ɗaya: ƙasa ta yi yawa ne, ko kaifi ya yi kaɗan, ko hayaniya ce? Wanda hayaniya ta dame shi ya dubi masu batir. Wanda yake son jita ta bi hannunsa ya dubi marasa batir masu matsakaicin ƙarfi. Tsohon fikof ɗin kuma kada a yar, a naɗe shi a ajiye, ranar da za a sayar da jitar zai yi amfani.

Duk mai son a auna masa rami ko a duba masa wayoyi kafin ya yi oda, ya leƙo wokshof ɗin lantarki da jitarsa da rula. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.