Ledar Duhu ta Gilashin Mota: Amfaninta ga Lafiya, Kula da Ita da Lokacin Sauya Ta

Idan kuna da lalurar zabiya ko cutar lupus, ko kuna shan maganin da ke sa fata saurin ƙonewa a rana, kamar doxycycline, zama cikin mota ba ya ba ku cikakkiyar kariya. Hasken rana na ɗauke da wani sinadarin haske da ido ba ya gani, mai suna UVA, wanda ke ratsa gilashi, yana lalata fata, yana kuma taimakawa wajen kawo sankarar fata da yanar ido.

Wani bincike da mujallar JAMA Ophthalmology ta wallafa a 2016 ya nuna gilashin gaba na tare kimanin kashi 96 cikin 100 na UVA, amma na gefe kashi 71 kawai a matsakaici. Shi ya sa hannun hagu da kuncin hagu na direba suka fi shan rana.

Duhu ba shi ne kariya ba

Leda mai inganci na tare kusan kashi 99 cikin 100 na wannan haske ko da fara ce tas. Mai duhu sosai kuwa tana rage gani da dare, musamman ga tsofaffi, masu yanar ido da waɗanda ciwon suga ya taɓa musu ido. Don haka ku tambayi mai manna ledar ƙarfin kariyarta, ba duhunta ba.

Yadda za ku kula da ita

• Kada ku sauke gilashi kwana 3 zuwa 5 bayan an manna ta.
• A cikin mota ledar take. Ku goge ta da tsumma mai laushi da ruwa mai ɗan sabulu.
• Ku guji ruwan goge gilashi mai sinadarin amoniya.
• Lokacin hunturu ku riƙa share ƙurar da ke maƙalewa a robar bakin gilashi, domin tana karce ledar.

Yaushe za a sauya ta?

Ku sauya ta idan ta koma ruwan shunayya, ta yi ƙuraje, gefenta ya fara ɗagowa, ko ta yi hazo har fitilun motoci na watsuwa a idonku da dare. Ku kai wa ƙwararre ya cire ta, domin kankara da reza na iya tsinka siraran layukan da ke jikin gilashin baya. A bar ƙofofi a buɗe yayin aikin, saboda warin abin narkar da gam na iya tayar da asma.

Batun doka

A Najeriya, dokar 1991 ta hana amfani da gilashi mai duhu sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. Idan lalura ce dalilinku, ku nemi takardar shaida daga likitanku.

Abin lura

Leda ba ta maye gurbin man kariya daga rana, riga mai dogon hannu da tabarau. Kuma ba ta hana mota a rufe yin zafin da zai iya kisa, don haka kada ku bar yaro a ciki ko na minti ɗaya. Idan kun ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko tabon da ke sauya kama a fuska ko hannu, ku ga likita ba da ɓata lokaci ba.